Ranar da Edmonton ta sayar da Gretzky

Yau tarihin wasa na kawo mana, kuma wasan da yawancinmu ba mu saba kallo ba, wato hoki na kan ƙanƙara, wanda mutanen Kanada suka riƙe tamkar gadon gida. Labari ne na wani ciniki da aka ƙulla a hutun kakar wasa ta 1988, da kuma gardamar da magoya baya suka tafka a kansa, wadda har yau ba a rufe ta ba.

Bari mu fara da wasan kansa. Ana buga shi ne a kan daskararriyar ƙanƙara, mutum shida-shida har da mai tsaron raga. Takalman 'yan wasan suna da siririn ƙarfe a ƙasa wanda suke sulɓewa a kansa, kowa riƙe da doguwar sanda mai lanƙwasa a baki, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba zuwa raga. Ɗan wasa yana samun maki ɗaya idan ya ci, yana kuma samun ɗaya idan shi ya miƙa aka ci. Babbar gasar ita ce NHL, wadda ta haɗa ƙungiyoyin Kanada da na Amurka, kofinta kuma shi ne Kofin Stanley. Ana fara kaka a watan Oktoba a kammala a Mayu ko Yuni. Daga nan sai hutun bazara, lokacin da babu wasa sai magana: wa za a riƙe, wa za a saki, wane yaro ne ya isa a ɗauko.

A bazarar 1988 babu magoya bayan da suka kai na Edmonton Oilers kwanciyar hankali. Edmonton birni ne a lardin Alberta da ke yammacin Kanada, ƙasar man fetur, daga nan ma ƙungiyar ta samo sunanta. Ta ɗauki Kofin Stanley a 1984 da 1985 da 1987, sannan a watan Mayun 1988 ta ƙara ɗauka bayan ta doke Boston ba tare da an ci ta wasa ko ɗaya ba. Kyaftin ɗinta Wayne Gretzky, mai lamba 99, shekararsa 27 kacal. Ya riga ya lashe kyautar gwarzon gasar sau takwas a jere, daga 1980 zuwa 1987. Ya taɓa ci sau 92 a kaka guda, ya kuma taɓa tara maki 215 a wata kakar, kuma har yau babu wanda ya kamo waɗannan alƙaluma. A gefensa ga Mark Messier, ga Jari Kurri ɗan ƙasar Finlan, ga Glenn Anderson da Kevin Lowe, ga Grant Fuhr a raga. Duk cikinsu babu wanda ya kai shekara 30. Mai goyon bayan da ya duba wannan jerin sunaye tambaya ɗaya ce ta rage masa: kofi nawa za a ƙara?

Alama ɗaya ce ta taɓa bayyana. A watan Nuwamban 1987 an tura shahararren ɗan bayansu Paul Coffey zuwa Pittsburgh bayan saɓani kan albashi. Da yake an ɗauki kofi ba tare da shi ba, sai maganar ta bi iska.

Ranar 16 ga Yulin 1988 Gretzky ya auri Janet Jones, 'yar fim daga Amurka, a cikin birnin Edmonton, jama'a suka cika tituna kamar bikin ɗan sarki. Kwana 24 bayan nan, ranar 9 ga Agusta, aka kira 'yan jarida aka sanar cewa an sayar da shi ga ƙungiyar Los Angeles Kings ta jihar Kalifoniya. Ya tafi tare da abokan wasansa biyu, Marty McSorley da Mike Krushelnyski. Edmonton kuwa ta karɓi dala miliyan 15, da matasa biyu, Jimmy Carson da Martin Gélinas, da kuma damar zaɓe uku a zagayen farko na ɗaukar sababbin 'yan wasa a 1989 da 1991 da 1993. A gasar NHL ƙungiyoyi suna layi ne kowace shekara su zaɓi matasa masu tasowa, kuma ana iya musayar wannan dama kamar kowace kadara.

Gretzky ya zauna gaban na'urorin ɗaukar hoto ya fara magana, sai kuka ya ci ƙarfinsa. Ya ce ya yi wa Messier alkawarin ba zai yi haka ba. Kafin a fita taron, kocinsa Glen Sather ya ba shi damar a fasa cinikin, ya ce a ci gaba.

Daga nan gari ya ɗau zafi. Mafi yawan fushin a kan mai ƙungiyar ya sauka, ɗan kasuwa Peter Pocklington, wanda dama ma'aikata ke jin haushinsa tun yajin aikin da aka yi a kamfaninsa na nama a 1986. Masu zanga-zanga suka ƙona mutum-mutuminsa. Wasu suka ɗora laifi kan amarya, wai ita ta janye musu gwarzo zuwa garin 'yan fim. Wani ɗan majalisar tarayya, Nelson Riis, ya nemi gwamnatin Kanada ta hana cinikin. Pocklington ya ce Gretzky ne da kansa ya nemi tafiya, makusantan Gretzky kuma suka ce an daɗe ana tallan sa a ɓoye, shi dai inda za a kai shi kawai ya zaɓa.

Amma ko a lokacin akwai lissafin da mai sanyin zuciya zai iya bugawa. Carson shekararsa 20, kuma ya ci sau 55 a kakar da ta wuce. Gélinas shekararsa 18, shi ne na bakwai da aka zaɓa a wannan shekarar. Messier da Kurri da Fuhr suna nan. Kwantaragin Gretzky kuwa watarana zai ƙare, ya tafi ba a samu ko sisi ba. Masu fushi suna cewa an rushe gida, masu lissafi suna cewa an sake masa ginshiƙi ne tun kafin ya tsufa. To, wa ya yi gaskiya?

Idan ka tsayar da labarin a 1989, masu fushi ne. A watan Afrilu ƙungiyoyin biyu suka haɗu a zagayen farko na neman kofi, inda wanda ya riga cin wasa huɗu shi ke wucewa. Edmonton ta yi gaba da uku da ɗaya, sai Kings ta cinye ukun da suka rage ta kore ta. Gretzky ya karɓi kyautar gwarzo karo na tara. Ranar 15 ga Oktoban wannan shekarar ya zarce maki 1,850 na Gordie Howe ya zama wanda ya fi kowa maki a tarihin gasar, kuma a filin Edmonton ya yi hakan, sanye da rigar baƙi. Carson ya yi ƙoƙari, ya ci sau 49, amma zama a gurbin Gretzky ya yi masa nauyi. Da sabuwar kaka ta fara sai ya nemi a sallame shi.

Idan ka kai labarin 1990, masu lissafi ne. A watan Nuwamban 1989 aka tura Carson zuwa Detroit, aka karɓo Petr Klima da Joe Murphy da Adam Graves. Aka haɗa Murphy da Graves da Gélinas a layi guda na matasa. Da aka sake haɗuwa da Kings, Edmonton ta cinye wasa huɗu a jere. A ƙarshe ta doke Boston da huɗu da ɗaya ta ɗauki kofi na biyar, Messier na kyaftin. Klima ne ya raba gardama a wasan farko, bayan an shiga ƙarin lokaci har sau uku. Gretzky kuwa bai sake ɗaga Kofin Stanley ba har ya yi ritaya a 1999. Sau ɗaya ya kai Kings wasan ƙarshe, a 1993, Montreal ta doke su.

Idan kuma ka ƙara gaba, reshe ya sake juyewa da mujiya. Kurri ya tafi Italiya a 1990. A 1991 aka tura Fuhr da Anderson zuwa Toronto, Messier kuma zuwa New York Rangers, inda ya ɗauki kofi a 1994 tare da wasu tsofaffin 'yan Edmonton. Daga 1993 zuwa 1996 Oilers ba ta ko shiga zagayen neman kofi ba. Albashi yana ta hauhawa, kuɗin Kanada ba su kai na Amurka daraja ba, ƙananan birane suka kasa riƙe taurarinsu. Ƙungiyar Quebec ta ƙaura zuwa Colorado a 1995, ta Winnipeg ta koma Phoenix a 1996. Ita ma Edmonton da ƙyar ta tsira, sai da wasu 'yan kasuwar garin suka haɗa kuɗi suka saye ta daga hannun Pocklington a 1998. Shi ma Bruce McNall, mai ƙungiyar Kings da ya biya miliyan 15 ɗin, ya amsa laifin damfarar bankuna a 1994 ya shiga gidan yari.

A can Amurka kuwa, zuwan Gretzky ya cika filin Los Angeles, ya nuna cewa ana iya sayar da wasan ƙanƙara a garin da ba a san sanyi ba. Sababbin ƙungiyoyi suka biyo baya: San Jose a 1991, Tampa Bay a 1992, Anaheim da Florida a 1993. Masu tarihin wasan da dama suna danganta wannan bunƙasa da cinikin 1988. Tun kofin 1990 Edmonton ta kai wasan ƙarshe sau uku ta faɗi. A 2006 Carolina ce ta doke ta, a 2024 da 2025 kuma Florida Panthers, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da aka haifa a wannan guguwar.

A nawa ganin, masu fushin 1988 sun yi kuskure a kan jerin 'yan wasa, domin waɗanda suka rage sun isa su ɗauki kofi, kuma sun ɗauka. Amma sun fahimci abin da takardar lissafi ba ta nuna ba: idan har kuɗi za su iya raba Edmonton da Gretzky yana ɗan shekara 27, to babu wanda ba za a iya sayarwa ba. Cikin shekara uku abin da suke tsoro ya tabbata. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ita kuwa wannan miyar shekara talatin da ɗoriya ana sha.

Ku fa, a wace shekara za ku tsayar da labarin? Sai mun haɗu a mako mai zuwa.