Daga bindigar toka zuwa ta iska: tsofaffin bindigogin Damargu da abin da ya kamata mu yi da su

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji, ba abin mamaki ba ne ka shiga tsohon gida ka tarar da wata bindiga rataye a bango ko a ƙarƙashin gadon kaka, tsatsa ta cinye ta, ba wanda ya san rabonta da tashi. Yara na ganinta kullum, amma da wuya a sami mai gaya musu daga ina ta zo. A shekarun da na yi ina koyarwa a wannan yanki na ga iri uku: bindigar toka mai ƙanƙara, bindigar maharba mai cin harsashi, da ƙaramar bindigar iska ta hannu, wadda ba ta cin albarushi ko kaɗan. Kowace ɗaya tana da zamaninta, kuma in aka jera su za a karanta tarihin wanda aka yarda ya riƙe makami a ƙasar nan da wanda aka hana.

Damargu rumbun hatsi ce ga mutanen Azbin, kuma a da hanya ce ta ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Gat da Agadas, ya sauka Damagaram da Kano. A garin Tagelel na Damargu ne Turawan nan uku, Barth da Richardson da Overweg, suka rabu a watan Janairu na 1851, kowa ya kama hanyarsa. Raƙuman da ke ɗauko takarda da alharini da madubi su ne ke ɗauko bindiga. A wannan shekarar ce Sarkin Damagaram Tanimu ya koma gadon sarauta, ya yi mulki har 1884. Ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi a gida, ana kuma zuba igwa a cikin Birni. Wannan ne ya ba Damagaram ƙarfin da maƙwabta suka riƙa shakkarta. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a danna, a sa dalma, ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Kafin a sake ɗura ta, mai baka ya saki kibau da dama.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani a babban ɓangaren Afirka, har da ƙasarmu, suka bar mana masu ƙanƙara. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi haka. Amma sakamakon ya fito fili a Tirmini a watan Yuli na 1899, inda rundunar Sarki Amadu Kuran Daga, duk da yawanta, ta kasa tsayawa gaban ƴan tsirarun sojojin Faransa masu bindigogi masu saurin ɗuri. Da Kawusan, ɗan ƙabilar Ikazkazan masu tushe a Damargu, ya tashi yaƙar Faransawa, sai da ya nemo makaman zamani daga ƴan Sanusiyya na Libiya, sannan ya iya tsare Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Bayan an murƙushe wannan tawaye, riƙe bindiga ya zama sai da takardar komanda. Wanda ya samu izini, yawanci sarki ko tsohon soja ko ma'aikaci, yakan sayi bindigar farauta irin Simplex mai baki ɗaya, ta kamfanin Manufrance na birnin Saint-Étienne, wanda littafin kayansa ya zaga ƙasashen da Faransa ta mallaka.

Bindigar iska ita ce auta a wannan jeri, kuma ba don yaƙi aka ƙera ta ba. Yadda take aiki bai wuce famfon keke ba. A cikinta akwai sifirin mai ƙarfi da fistin mai fata a baki. In ka ɗana ta, ka matse sifirin ɗin ke nan. In ka taɓa kunama, sai ya saki, fistin ya tunkuɗa iska da ƙarfi, iskar ta fitar da ƴar dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Ba wuta, ba hayaƙi. Waɗanda na gani a nan duk tsaraba ce: ta wanda ya yi karatu a waje, ko ta ɗan kasuwar da ya saba zuwa Kano, ko wadda wani Bature ya bari da zai koma gida.

Sunaye uku ne suka fi shahara a cikin tsofaffin ƙirar, kuma sun bambanta ƙwarai.

Ta farko ita ce Webley, daga Birmingham ta Ingila, garin da ya daɗe yana ƙera bindigogin toka da ake kawowa Afirka ta bakin teku. Samfurinta na farko, Mark I, ya fito a 1924, Junior da Senior suka biyo baya, har zuwa Tempest a 1979. Bututunta a sama yake, kwance kan gidan sifirin. Ɗaga shi ake yi a tura gaba don a ɗana. Wannan dabara ta sa ta gajera, tana zama daidai a tafin hannu. Tsofaffin na ƙarfe ne zalla, shi ya sa masu tara kayan tarihi suka fi son su. Aibinta shi ne tana zabura a hannu lokacin harbi, kuma ɗana ta na son ƙarfin yatsu, don haka sabon shiga yakan daɗe bai sami bara ba.

Ta biyu Diana ce, ta garin Rastatt a Jamus, kamfanin da aka kafa a 1890, shekarar yarjejeniyar Brussels. Karya ta ake yi a tsakiya kamar bindigar maharba. Ta fi Webley tsawo da nauyi, kuma tsawon nan ne ke sa ta fi sauƙin saiti. Samfuri na 5 shi ne na kowa da kowa. Na 6, wanda ya yi tashe a shekarun 1960, fistin biyu gare shi masu gudu gaba da baya lokaci ɗaya, ɗaya na kashe girgizar ɗaya, sai bindigar ta tsaya cik a hannu. Ga mai son harbin takarda ita ce gaba, sai dai in ta lalace gyaranta ba na kowane maƙeri ba ne. Akwai darasi a tarihin wannan kamfani: bayan Jamus ta sha kashi a 1945, an hana ta ƙera makamai, aka kwashe injinan Diana zuwa Birtaniya, har wani kamfani mai suna Milbro a Scotland ya riƙa buga sunan Diana a kayansa. Sai wajen 1950 Jamusawa suka koma aiki. Ashe ba mu kaɗai aka taɓa karɓe wa makami bayan an ci mu da yaƙi ba. Saboda haka wanda ya ga Diana a gidansu, ya duba ƙasar da aka rubuta a jikinta kafin ya ce ta Jamus ce.

Ta uku ita ce Gat, ita ma ƴar Ingila, daga ƙarshen shekarun 1930. Ita ce ta yara da talakawa. Danna bututunta ake yi ciki, in an harba ya yi tsalle waje. Ba ta da saitin kirki, kuɗinta kuma kaɗan ne ko a wurin masu tarawa. Darajarta ta tunawa da ƙuruciya ce kawai.

In don ajiya ne, Webley ta ƙarfe ta fi. In don koyon saiti ne, Diana. Kuma harbin bara ba wasan banza ba ne, tunda tun 1988 ake gasar bindigar iska ta hannu, daga nisan mita 10, a wasannin Olamfik. Abin da yake koyarwa shi ne natsuwa, riƙe numfashi da haƙuri, irin abin da kakanninmu suka koya a harbin baka.

Amma ƴan uwana malamai da iyaye, rashin albarushi ba ya nufin rashin haɗari. Ƴar dalmar nan tana fasa ido, kuma ido ba ya da na canji. Bayan haka, a halin tsaron da ƙasarmu ke ciki, Webley daga nesa ba ta da maraba da bindigar gaske. Yaron da ya fita da ita titi ko ya kai ta lakwal ya sa ransa da na iyayensa cikin masifa. Wanda yake da kowace irin tsohuwar bindiga, ya je wurin jandarma ko ƴan sanda ya tambayi abin da doka ta ce a kanta, ya ajiye ta a akwati mai kwaɗo, dalma a wani wuri dabam. Bindigar toka kuwa kada a kuskura a gwada ta: wata tana nan da ɗurin shekara da shekaru a cikinta, tsatsa kuma ta cinye bututun. Ta iska ma tana da nata ladabin. Iskar hunturu tana busar da fatar fistin, sai an ɗan ɗiga mata mai. Ba a harba ta ba dalma a ciki, ba a kuma barin ta a ɗane, don sifirin yana gajiya.

Babbar asarar da nake gani ita ce ta sayarwa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna zagaya ƙauyuka, suna auna abin da kaka ya bari a kan sikeli tare da tsohuwar tukunya. Kafin hakan ta faru, a zauna da dattijon gida a rubuta: wa ya kawo ta, daga ina, a zamanin wane sarki ko wane komanda. A ɗauki hoton rubutun da ke jikinta da waya. Malamin tarihi zai iya koyar da Tirmini da hoton bindigar toka, malamin kimiyya ya bayyana yadda ƙarfi ke taruwa a sifirin da zanen Diana a allo, ba tare da an shigo da makami aji ba. Iyalin da ba za su iya adanawa ba, su nemi shawarar fadar Sarkin Damagaram ko gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Dattawan da suka san labarin waɗannan kaya suna ƙarewa, kuma in sun tafi ba a rubuta ba, abin da zai rage mana ƙarfe ne kawai na kilo.