Ranar Ubangiji da Lamirin Eric Liddell

Karatu: Fitowa 20:8-11; Markus 2:23-28; Romawa 14:5-6

 Yau za mu duba tarihin wani bawan Allah wanda dokar ranar hutu ta gwada shi sau biyu, ya kuwa ba da amsa iri biyu. Sunansa Eric Liddell.

Bari mu fara da ita dokar. Allah ya ba Isra'ila ranar Asabar domin hutu, har bawa da baƙo da dabba su ma su huta. Masu bi na fari suka riƙa taruwa a ranar farko ta mako, wato Lahadi, domin ran nan ne Ubangiji ya tashi daga matattu. A shekara ta 321 Sarki Konstantin na Roma ya kafa doka cewa alƙalai da masu sana'a da mutanen birni su huta ran Lahadi, amma ya bar manoma su yi aiki, gama lokacin shuka ba ya jiran kowa. Daga baya, a 1647, Ikkilisiyar Skotland ta karɓi Shaidar Bangaskiya ta Westminster, wadda ta hana aikin duniya da wasanni a ranar Ubangiji, sai dai aikin dole da aikin jinƙai. Wannan koyarwa ta kafu ƙwarai a ƙasar iyayen Liddell.

An haife shi a 1902 a birnin Tianjin na ƙasar Sin, inda iyayensa suke aikin mishan. Ya yi karatu a Jami'ar Edinburgh, a can ne sunansa ya fita wajen tsere. Aka zaɓe shi ya wakilci Birtaniya a wasannin Olimfik na Paris a 1924, mutane da yawa kuma suna sa rai zai ci tseren mita 100. Da aka fitar da tsarin wasannin, sai ga shi zagayen farko na tseren ya faɗo ran Lahadi. Liddell ya ce ba zai yi gudu ba. Fim ɗin Chariots of Fire na 1981 ya nuna kamar yana kan hanyar tafiya Faransa ne ya ji labarin, amma gaskiyar ita ce ya sani tun watanni kafin lokacin. Yana da isasshen lokaci da zai sake shawara, waɗansu kuma suka zarge shi da rashin kishin ƙasa, duk da haka bai janye ba. Ya koma koyon tseren mita 400, wanda ba shi ne ya fi gwanancewa a kai ba. Ran 11 ga Yuli 1924 ya zo na ɗaya cikin daƙiƙa 47.6, ya karɓi lambar zinariya. Ya kuma sami ta tagulla a mita 200.

Yawancin masu wa'azi a nan suke tsayawa. Amma labarin yana da saura.

A 1925 Liddell ya bar daraja da tafi, ya koma Sin yana koyarwa a makarantar mishan. Da yaƙin Japan ya tsananta, a 1941 matarsa Florence da 'ya'yansu suka tafi Kanada, shi kuwa ya zauna a bakin aikinsa. A 1943 sojojin Japan suka kulle shi a sansanin Weihsien tare da baƙi fiye da 1,500. A cikinsu akwai yara 'yan makaranta da yawa waɗanda aka raba su da iyayensu. Liddell ya koya musu lissafi da kimiyya, ya shirya musu wasanni, suna ce masa Kawu Eric.

Waɗanda suka zauna a sansanin sun ba da shaida cewa da fari ya ƙi shirya wasa ran Lahadi, kamar yadda ya saba. Sai samarin suka shirya nasu wasan hoki, irin wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda. Da yake ba babba a kansu, wasan ya ƙare da dambe. Lahadi mai zuwa, sai ga Liddell ya fito fili ya zama alƙalin wasa.

To, 'yan'uwa, ya sāke ne? Ya yi sanyi cikin bangaskiya? Mu duba da kyau. A Paris, wanda zai yi hasara saboda kiyaye ranar, shi kansa ne: lambarsa, da sunansa, da yabon mutane. Ya yarda ya biya. A Weihsien kuwa, da ya nace a kan ƙa'idarsa, yaran da ba su da uwa ko uba kusa ne za su biya da raunuka da ƙiyayya. Ba wata riba da ya samu a filin nan sai ƙarin gajiya. Shi ya sa muke cewa zuciya ɗaya ce ta yanke hukunci biyun nan.

Haka Ubangijinmu ya karanta Shari'a. Da Farisiyawa suka zargi almajiransa don sun zāgi zangarniya ran Asabar saboda yunwa, ya tuna musu da Dawuda wanda ya ci gurasar keɓe, ya kuma nuna musu cewa domin amfanin ɗan Adam ne aka kafa ranar. Bai rushe dokar ba, ya komar da ita ga nufin Mai ba da ita. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Romawa kada su yi wa juna hukunci a kan ranaku, sai kowa ya tabbata a ransa cewa domin Ubangiji yake yin abin da yake yi.

Akwai rami biyu a hanyar nan. Na fari, mutum ya fake da lamiri alhali son zuciya ne yake bi, ya buɗe shago lokacin sujada ya ce ai muna ƙarƙashin alheri. Na biyu, mutum ya ɗauki nasa lamirin ya mai da shi bulala a bayan ɗan'uwansa, ya hukunta ma'aikaciyar asibiti da ke kan aiki ran Lahadi, ko sojan da ke gadi. Kafin ka tsananta doka ko ka sassauta ta, ɗan'uwa, ka tambayi kanka abu biyu a gaban Allah: wa zai ɗauki nauyin shawarar nan, wa kuma zai ci ribarta? In kullum kai ne mai riba, wani kuma yana ɗaukar nauyin, to, ka sāke bincika zuciyarka.

Eric Liddell ya rasu a sansanin ran 21 ga Fabrairu 1945, saboda ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43, watanni kaɗan kafin a 'yantar da wurin a Agusta.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na Sama, ka ba mu ƙarfin hali mu kiyaye umarninka ko da zai jawo mana hasara, ka kuma ba mu hikimar Ruhunka mu gane lokacin da jinƙai yake kiranmu. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.