Fil ɗin Zinariya da Ya Rasa Mai Shaida

Kafin maɓalli ya yaɗu a Turai, da fil na ƙarfe mutane suke kama mayafinsu a kafaɗa. Rumawa suna kiransa fibula. Tufa takan ruɓe a cikin ƙasa, amma tagulla da zinariya sukan daɗe, shi ya sa wannan ɗan ƙarfe ya zama ma'aunin zamani a hannun masana kufai.

Hanya ta farko ta gane shekarunsa ita ce duba ƙirarsa. Oscar Montelius, masani ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna a ƙarshen ƙarni na 19 cewa ƙirar fil tana sauyawa sannu a hankali, har ana iya jera su daga na dā zuwa na baya. Wanda ke ɗauke da sunan maƙeri Aucissa na farkon ƙarni na 1 Miladiyya ne, kuma an fi tsintarsa a sansanonin soja. Mai siffar baka da ƙulli uku kamar kan albasa kuwa, adon hafsoshi da ma'aikatan daula ne a ƙarni na 4.

Hanya ta biyu ita ce lura da abin da aka tono tare da shi. A shekarar 1653 aka ci karo da kabarin Sarki Childeric a garin Tournai, cikin Beljiyam ta yau. Akwai fil na zinariya a ciki, da zobe mai sunan sarkin, da tsabar kuɗin sarakunan Rum. Tun da an san ya rasu wajen 481, ba a yi gardama kan zamanin fil ɗin ba.

Fil ɗin Praeneste bai sami wannan gata ba. A 1887 wani Bajamushe, Wolfgang Helbig, ya gabatar da shi a birnin Rum, ya ce daga wani kabari a Palestrina ya fito. A jikinsa akwai rubutu da ke cewa wani Manios ne ya yi shi domin wani mutum. Aka ɗora shi a ƙarni na 7 kafin Miladiyya, aka riƙa koyar da shi a matsayin rubutun Latin mafi tsufa. Sai dai babu wanda ya rubuta inda aka haƙo shi, kuma ta hannun dillalan kayan tarihi ya biyo. A 1980 Margherita Guarducci ta ce jabu ne, ta zargi Helbig da dillali Francesco Martinetti. Masana da dama suka yarda, aka fara tsame shi daga littattafai.

Sai a 2011 hanya ta uku, wato binciken ƙarfen kansa, ta raba gardamar. Edilberto Formigli da Daniela Ferro sun duba ramukan haruffan da na'urar ƙara girman abu mai aiki da lantarki, suka ga sauyi a fuskar zinariyar wanda sai an shafe ƙarnuka yake samuwa. Rubutun tsoho ne.

Abin da takarda guda da aka cike a bakin ramin za ta tabbatar tun farko, ya ci shekara 124. Wanda ya zare fil daga ƙasa bai rubuta wuri da zurfi da abin da ke kewaye da shi ba, ya ɗauki ƙarfen ya zubar da shaidar.