Wasiƙun Gidan Waziri: Yadda Sakkwato Ta Tsara Takardunta

Mutumin Dandin Mahe ko Shagari ya san Boɗinga da Sifawa a matsayin garuruwan maƙwabta, inda ake zuwa kasuwa da zumunci. Amma shekara ɗari biyu da suka wuce, a wannan yanki ne aka fara shimfiɗa mulkin daular Usmaniyya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa daga wajajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana Sakkwato. A 1812 aka raba ragamar mulki: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. Daga nan matsalar da kowace ƙungiyar aiki ta sani ta taso: jagorori suna wurare dabam-dabam, umarni yana tafiya a rubuce, kuma dole a san inda kowace takarda za ta sauka.

Malaman wancan zamani sun riga sun saba da tsara takarda tun a fagen karatu. Littafinsu warƙoƙi ne a sake, ba a ɗinke ba. Ana haɗa su cikin tadarishi, a sa a gafaka. Ba a cika sa lambar shafi ba, sai dai marubuci ya rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama. Ko iska ta watsa littafin, almajiri zai iya mayar da shi yadda yake ta bin waɗannan kalmomi. A ƙarshe kuma sau da yawa akan sa shekarar kammalawa da ramzi, wato haruffan da kowannensu ke da ƙimar lamba. Wannan ne ya sa har yau ake iya jera wasu daga cikin rubuce-rubucen shugabannin jihadi bisa shekarunsu.

Su kansu shugabannin sun fahimci cewa takardar da ke yawo ita kaɗai ɓacewa take yi. A Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, Bello ya kwafe wasiƙun muhawarar da aka yi da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno, har da hujjojin da al-Kanemi ya kawo a kansu. A 1813 Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa a Tazyinul Waraƙati, yana bayyana dalilin kowace da lokacin da aka yi ta. Duka biyun sun ɗauko tarkacen takardu ne suka ba su mazauni ɗaya da bayani.

Da Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, harkar wasiƙu ta tattaru a gidan wazirinsa, Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, kuma sarautar ta zauna a zuriyarsa. Tsarin ya tsaya ne a kan ƙofa. Kowace masarauta tana da wani babba a Sakkwato wanda ta hannunsa saƙonta ke isa ga Sarkin Musulmi, kuma manyan masarautun gabas irin su Kano, Zazzau da Adamawa suna hannun Waziri. Wasiƙar sarki takan zo da Larabci, da hatiminsa a sama, sannan sunan mai aikawa da na wanda aka aika wa. Saboda haka ba a shakkar daga ina takarda ta fito, kuma an san wanda alhakin amsa ta ke wuyansa.

Sai dai tsarin yana da giɓi. Yawancin wasiƙun mulki ba su ɗauke da kwanan wata, kuma da yawansu gajeru ne, domin manzon da ya kawo su shi ke cika bayanin da baki. Muddin manzo da waziri suna raye, babu matsala. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara wasunsu ya buga a Legas a 1927. Masu bincike na baya, ciki har da Murray Last wanda ya yi karatu a wurin Waziri Junaidu kafin ya fitar da littafinsa a kan daular a 1967, sai da suka riƙa auna zamanin wasiƙa ta hatimi da sunayen sarakunan da ta ambata. Abin da magatakarda zai rubuta da kalma huɗu ya zama aikin watanni.

Turawan mulkin mallaka sun zo da fayil mai lamba da shekara da take. Wanda ya je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna zai tarar da na lardin Sakkwato a ƙarƙashin SOKPROF, na Kano a ƙarƙashin KANOPROF. Manufarsu haraji ce da iko, amma lambar ta sa jami'in da aka sauya wa wurin aiki zai bar wa magajinsa abin da zai iya bi. A Sakkwato kuwa, hukumar tarihi da al'adu ta jiha tana ɗauke da sunan Waziri Junaidu, wanda ya riƙe amanar takardun gidansu har rasuwarsa a 1997.

Ƙungiyar da ke gina asibiti ko tafiyar da shirin noma a yau tana iya faɗawa ramin nan guda. Kasafin kuɗi yana WhatsApp, yarjejeniya tana kwamfutar wanda ya bar aiki, rahoto uku duk sunansu “na ƙarshe”. Darasin gidan Waziri shi ne kowace folda ta kasance da ƙofarta, mutum ɗaya da aka sani da ita, kuma kowace takarda ta nuna wanda ya fitar da ita. Darasin giɓinsa kuma shi ne a sa kwanan wata a sunan fayil, a rubuta dalilin shawara a cikinsa. Manzon da ya san sauran bayanin zai iya samun wani aiki a Abuja kafin a biya kuɗin kwangila.