Ta'aziyya da jaje a ƙasar Dakoro: tarihin rashi da taimakon mai rashi, 1947-2010

Gabatarwa

Bahaushe ya raba gaisuwar rashi gida biyu. Idan mutum ya rasu, ta'aziyya ake yi wa iyalinsa. Idan kuwa gobara ce, ko sata, ko ruwa ya cinye gona, sai a je jaje. A duka biyun kalma ɗaya ce ke fitowa daga bakin mai gaisuwa, wato haƙuri. Masana tarihin fari da yunwa, irin su Boureima Alpha Gado a littafinsa na 1993, Une histoire des famines au Sahel, sun yi aiki mai zurfi kan dalilan waɗannan masifu da sunayensu da hanyoyin da mutane suka bi don neman abinci. Tambayarmu a wannan maƙala ta shafi abin da ke biyo baya: yaya wanda ya tsira yake rayuwa bayan an binne mamaci, ko bayan garke ya ƙare, kuma wa ke tallafa masa?

Ra'ayinmu shi ne, a wannan ƙasa haƙuri aikin jama'a ne kafin ya zama halin mutum ɗaya. Sauƙin da mai rashi ke samu ya dogara ga abu biyu: jama'a su yarda cewa ya yi rashi, sannan a sami wani kusa da shi wanda ke da sauran abin bayarwa. Za mu gwada wannan ra'ayi da rashi iri huɗu.

1. Ƙasa da mutanenta

Garin Dakoro yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi. Turawan Faransa sun kafa barikin mulki a wurin a 1947. A kudancin gundumar, wajen Kornaka da Birnin Lalle, manoman gero ne suka fi yawa. A arewa, daga kwarin Tarka zuwa Gadabeji da Bermo, ƙasar kiwo ce ta Fulani, ciki har da Woɗaɓe, da Abzinawa irin su Kel Ferwan. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ratsa wannan yanki. An ware Bermo ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma a shekarun da muke magana a kai ƙasa ɗaya ce. Wannan haɗuwa ta manomi da makiyayi ita ta sa Dakoro ta dace da nazarinmu, domin abin da ɗaya ke kira dukiya, ga ɗayan shi ne rayuwa gaba ɗaya.

2. Rasuwar babba: rashin da ke da tsari

Rasuwar magidanci ko uwar gida ita ce rashin da addini da al'ada suka fi shirya wa. Bisa fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a makarantun zaure, musamman daga Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ana gaggauta wanka da salla da binnewa. Daga nan a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don zaman makoki na kwana uku, maza a waje, mata a ciki. Maƙwabta ne ke kawo abinci. Wanda ke nesa yakan taso ko bayan wata guda, domin zumunta a ƙafa take. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in suna sake tara dangi a lokacin da gida ya fara yin shiru.

Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu idan tana da ciki, ba lalle, ba kwalli, ba turare. Takaba na da nauyi, amma tana sanar da gari halin da matar ke ciki, kuma tana da ranar fita.

Wannan tsari ya canja. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta bazu zuwa jihar Maraɗi a shekarun 1980 da 1990, tana sukar tarukan sadakar bakwai da arba'in a matsayin bidi'a da ɓarnar dukiyar marayu. Masu riƙe da al'adar na ganin taron ne ke hana a manta da iyalin. Ta fuskar tarihi, gardamar ta shafi tsawon lokacin da jama'a za su ci gaba da amsa cewa wannan gida yana cikin rashi. Akwai kuma batun gona. Matar mamaci na gadon tumuni idan akwai ƴaƴa, rubu'i idan babu, kuma kishiyoyi raba wannan kaso suke yi. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 a kudancin Nijar ya nuna yadda ƙarancin fili ke raba mata da gamanarsu. Saboda haka mace na iya fita takaba ta tarar ba ta da inda za ta shuka.

3. Rasuwar yaro: rashin da ake haɗiyewa

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 1992 ya ƙiyasta cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 na mutuwa kafin shekara biyar. Wannan shi ne rashin da ya fi yawa, kuma shi ne mafi ƙarancin tsari. Ana binne jariri cikin ƴan sa'o'i, zaman gaisuwa gajere ne, uwa ba ta da takaba. Kunya na hana ta kuka a fili, musamman idan ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Abin da ake faɗa mata shi ne ta yi haƙuri, yaron zai cece ta gobe ƙiyama, Allah ya kawo mai albarka.

Kuskure ne a ɗauki wannan shiru a matsayin rashin jin zafi. Harshen kansa ya ajiye shaida. Matar da ƴaƴanta ke mutuwa bi da bi ana ce mata mai wabi, kuma yaron da ta haifa bayan haka akan yi masa laƙabi irin su Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba don mutuwa ta ƙyale shi. Duk mai irin wannan suna yana ɗauke da tarihin yayyen da bai sani ba.

Matsalar abinci ta 2005 ta fito da wannan rashi fili. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Dakoro, kuma a faɗin ƙasar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a shekarar. Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa. A cikin muhawarar da ta biyo baya wasu sun ɗora laifin kan iyaye mata, cewa jahilci ne ko sakaci. Barbara Cooper ta soki wannan fassara a littafin Niger 2005, une catastrophe si naturelle, wanda ya fito a 2007. Darasin a nan shi ne, uwar da aka zarga an hana ta abu na farko da mai rashi ke bukata, wato a amsa cewa ita ce aka yi wa rashi.

4. Mutuwar garke: jajen da ke zuwa da saniya

Ga makiyayi, saniya tana da suna da zuriya, kuma ta hanyarta ake raɗa suna, a yi aure, a bar gado. Angelo Maliki Bonfiglioli ya nuna a littafinsa Duɗal na 1988 cewa a wurin Woɗaɓe tarihin iyali da tarihin garke tafe suke tare. Wanda garkensa ya mutu ya rasa abinci da sana'a da matsayinsa a cikin dangi a lokaci guda, amma ba a shimfiɗa masa tabarmar makoki.

Amsar makiyaya ita ce haɓɓanaye. Mai shanu na ba ɗan'uwa ko aboki karsana aro. Wanda aka bai wa yana shan nono, yana riƙe maruƙan da ta haifa, bisa al'ada har haihuwa uku, sannan ya mayar da uwar. Wannan jaje ne da ke mayar wa mutum da sana'arsa ba tare da ya zama mabaraci ba. Zakka ma na taimakawa: shanu 30 na fitar da maraƙi, tumaki 40 na fitar da tunkiya.

Farin 1973-1974 da na 1984-1985 sun nuna iyakar wannan tsari. Na biyun, wanda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a watan Afrilu 1984, abin da ya tsananta wahalar samun hatsi daga kudu. Idan kowa ya rasa, babu mai ba da aro, garkuna kuma sun faɗi ƙasa da nisabin zakka. Makiyaya da yawa sun koma kiwon shanun ƴan kasuwa da ma'aikata, wasu sun tafi gadi a birane, matansu na sayar da magani da yin kitso har cikin Nijeriya. Tun bayan farin 1973 ƙungiyar Oxfam ta gina aikin sake tada garke a Nijar kan tsarin haɓɓanaye, kuma ayyukan raba awaki ga mata sun ari sunan daga baya. A 2010 dabbobi sun sake mutuwa da yawa a yankin Gadabeji, a shekarar da aka kafa dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010.

5. Rashi ta hannun mutum

Makiyayan arewa na gangarawa kudu bayan girbi, kuma a kan wannan hanya ne ake samun rashi na huɗu. Ranar 30 ga Oktoba 1991, lokacin da Babban Taron Ƙasa ke dab da rufewa a Yamai, an kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara, a Toda, cikin gundumar Gidan Rumji da ke kudu da Dakoro, bayan rikicin gona da kiwo. A irin wannan hali kalmar haƙuri kaɗai ba ta isa, domin akwai mai laifi, kuma maƙwabcin da ya kamata ya zo gaisuwa yana cikin waɗanda ake zargi. Mai rashi na bukatar shari'a da tabbacin cewa abin ba zai sake faruwa ba. Ta wannan fuska muke karanta dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da aikin shata burtuloli da ya biyo baya, duk da cewa an fara shirya dokar tun kafin Toda.

Kammalawa

Idan muka jera waɗannan rashi huɗu, za mu ga cewa girman tsarin makoki bai tafi daidai da yawan rashin ba. Rasuwar babba na da kwanaki ƙidayayyu da mataimaka sanannu. Uwar da ta rasa jariri na da ƴan kalmomi kawai. Makiyayi na da haɓɓanaye muddin wani ya tsira da shanu. Wanda aka kashe wa dangi na jiran hukuma.

Wannan na da amfani ga ɗalibanmu masu fita bincike. Rahotannin hukuma na ƙirga gawa da kan dabba, amma tarihin mai rashi yana cikin laƙabin yara, da sunayen shekarun yunwa, da jerin shanun aro da tsofaffin makiyaya ke iya lissafowa da ka. Waɗanda suka ga 1973 da idonsu suna ƙarewa. Wanda zai je ya tambaye su ya tuna cewa mai rashi zai tambaya, don haka ya fara da gaisuwa, ya zauna, kafin ya fito da takarda.