Zare: Tarihin jel ɗin da haske ke narkarwa

1/ Kun san romon ƙafar saniya idan ya kwana a sanyi: ya daskare, a ɗora a wuta ya koma ruwa. To akwai jel ɗin da ba sai an kai shi wuta ba, haske kawai za a haska masa ya narke. Shekara 160 aka yi kafin a kai gare shi. Ku biyo ni.

2/ A 1834 wani Bajamushe, Eilhard Mitscherlich, ya haɗa sinadarin azobenzene mai launin ruwan goro. Danginsa suka zama rini, har yau da su ake rina tufafi da yawa. Wajen shekara ɗari ba a kallonsa sai ta fuskar launi.

3/ A 1937 a Ingila, G. S. Hartley yana auna yadda sinadarin ke narkewa, sai ya ga awon yana sauyawa idan haske ya taɓa shi. Wani da sai ya ce kuskure ne ya wuce. Shi kuwa ya bi diddigi.

4/ Ashe ƙwayar sinadarin a miƙe take kamar tsinke. Hasken UV na taɓa ta sai ta lanƙwashe. A haska mata hasken da ido ke gani, ko a ɗumama ta, ta sake miƙewa.

5/ Ina jel ya shigo? Ƙwayoyin romon can dogaye ne tun asali. Waɗannan kuwa ƙanana ne, sai sun jeru kan juna su zama zare, zaren ya sarƙe ya riƙe ruwa. Miƙaƙƙu suna jeruwa. Lanƙwasassu fa? Ina! Sai layin ya watse.

6/ A 1994 Seiji Shinkai da tawagarsa a Japan suka ɗaura azobenzene a jikin kolestarol. UV ya narkar da jel ɗin, hasken da ido ke gani ya mayar da shi.

7/ A 2004 tawagar Ben Feringa a Holan ta sarrafa irin wannan jel da wani sinadarin daban. A 2016 Feringa na cikin mutum uku da suka ci kyautar Nobel kan injinan ƙwayoyin sinadari.

8/ Burin yanzu: a ɓoye magani cikin jel, a haska daidai wurin ciwo, ya fito nan kawai. Cikas ɗin shi ne UV ba ya ratsa fata sosai, kuma yana lahanta ƙwayoyin jiki. Shi ya sa ake ƙera waɗanda ke amsa jan haske.

9/ Ɗalibai, ku riƙe labarin Hartley. Ranar da awo ya ƙi fitowa yadda kuke zato, kada ku yi saurin gogewa.