Tsofaffin Motocin Havana: Sabon Inji da Tsohon Giyabos

Baƙon da ya sauka a birnin Havana, hedkwatar ƙasar Kyuba, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne motoci. Zai ga Chevrolet ƙirar 1955 tana lodin fasinja a bakin titi, ga Buick da Oldsmobile da Ford suna biye da ita, ko wace ɗaya ta haura shekara sittin a duniya. Amma idan ya kasa kunne, zai ji ƙarar da ke fitowa daga cikinsu ba ta injin fetur ba ce, gunjin injin dizal ne irin na motar ɗaukar kaya. Idan kuma ya leƙa ta taga, sau da yawa zai tarar da sandar giya a ƙasa kusa da ƙafar direba, har a cikin motocin da suka baro masana'anta da giya mai canza kanta, wadda direbobi ke kira otomatik.

Labarin canjin injin waɗannan motoci sananne ne. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na giyabos, wato akwatin da ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi. A cikin wannan labari kuwa akwai darasi ga duk wanda ya taɓa sa wa mota injin da ba nata ba, ya wayi gari giya tana zamewa.

Asalin wannan fasaha daga jirgin ruwa yake. A shekarar 1905 wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, ya yi rajistar dabarar miƙa ƙarfin inji ta hanyar ruwa ko mai, ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Misalinta kamar a ajiye fanka biyu ne suna fuskantar juna: idan aka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. To, a rufe su cikin ƙwaryar ƙarfe, a cika ta da mai maimakon iska, an sami abin da zai maye gurbin kuloci. Kamfanin General Motors na Amurka shi ne ya haɗa wannan dabara da giya mai canza kanta, ya kuma kai ta kasuwa da yawa. Ayarin injiniyoyi a ƙarƙashin Earl Thompson suka yi aikin, aka fito da Hydra-Matic a ƙarshen 1939, cikin motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Giya huɗu gare shi, mai saye kuma yakan ƙara dala 57 bisa kuɗin mota.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zame masa makaranta, domin an sa shi cikin tankokin yaƙi samfurin M5 da M24. Bayan yaƙi sai gasa ta kaure. Buick ya fito da Dynaflow a 1948, Chevrolet ya fito da Powerglide mai giya biyu a 1950, Ford ya biyo baya a 1951. Kafin shekarun 1950 su ƙare, mafi yawan sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka otomatik ne.

Yanzu bari mu duba yadda wannan akwati ke sanin lokacin canza giya, domin a nan gizo yake saƙa. Direban motar giyar hannu yana aiki da kunnensa da ƙafarsa. Shi kuwa otomatik na wancan zamani labari biyu yake saurara. Na farko daga wata 'yar na'ura da makanikai ke kira gwamna, wadda ke juyawa tare da farfela tana faɗa masa saurin mota. Na biyu daga inji ne, yana faɗa masa irin nauyin da injin ke ja. Wasu akwatunan suna jin wannan ta sandar ƙarfe ko waya da aka ɗaura a totur, wasu kuwa ta wani siririn tiyo da ke auna ƙarfin zuƙar iskar inji. Da waɗannan labarai biyu ne akwatin ke yanke shawarar lokacin canji, da kuma irin ƙarfin da mai zai matse faya-fayan kulocin da ke cikinsa. An auna kome bisa wani inji takamaimai, da saurin juyawarsa da ƙarfin murɗawarsa. Wato dai giyabos otomatik an yi masa tarbiyya ne a gidan inji guda, harshen wannan injin kaɗai yake ji.

Masu ƙera motocin da kansu sun ɗanɗana wannan. Ran 12 ga Agusta 1953 gobara ta cinye masana'antar Hydra-Matic da ke garin Livonia a jihar Michigan, wadda ita kaɗai ke ƙera shi. Dole ta sa aka ɗaura wa Cadillac da Oldsmobile akwatin Dynaflow na Buick, aka ɗaura wa Pontiac akwatin Powerglide na Chevrolet, har zuwa lokacin da aka tayar da aikin a masana'antar Willow Run. Duk da cewa motocin 'yan gida ɗaya ne, sai da injiniyoyi suka yi gyare-gyare kafin kowane akwati ya zauna a bayan injin da ba nasa ba. Idan haka ta faru ga kamfani mai dubban injiniyoyi, ina ga makanikin da ke aiki a gindin bishiya?

A wancan lokaci Kyuba babbar kasuwa ce ga motocin Amurka. Tsakaninta da jihar Florida mil casa'in ne kacal, kayan gyara kuwa ba su yankewa. Ran 1 ga Janairu 1959 Shugaba Batista ya tsere, Fidel Castro da mutanensa suka karɓi mulki. A watan Oktoba na 1960 gwamnatin Eisenhower ta hana kai kaya Kyuba in ban da abinci da magani, a watan Fabrairu na 1962 kuma Shugaba Kennedy ya faɗaɗa takunkumin. Daga nan hanyar kayan gyara ta toshe. Motocin Tarayyar Sobiyet irin su Lada da Moskvich da Volga suka fara shigowa, amma gwamnati ce ke raba su ga ma'aikatu da zaɓaɓɓun ma'aikata. Dokar ƙasa kuma ta bar motocin da aka shigo da su kafin juyin juya hali su kaɗai a matsayin waɗanda mutum zai iya saya ko ya sayar yadda ya ga dama. Saboda haka tsohuwar Chevrolet ta zama dukiya kamar gona, ana gadonta, ba a yar da ita.

Da farko makanikai sun riƙa yanka wata mota don su rayar da wata. Da aka daɗe ana haka, sai injunan asali suka fara ƙarewa, aka koma ɗora na Volga da na wasu motocin Sobiyet. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 man fetur ya yi wuyar samu, motocin safa suka ragu ƙwarai, tsofaffin motocin nan suka zama tasi na haɗin gambiza, ko wace tana bin hanya guda tana ɗauka tana saukewa. Injin Amurka mai silinda shida ko takwas ba ya fitar da mai haya, don haka aka raja'a kan ƙananan injunan dizal, na Perkins da Toyota da Mitsubishi da Hyundai da makamantansu.

A nan ne tsohon giyabos ya gamu da baƙon da ba ya jin harshensa. Matsala ta farko ta ƙira ce: ramukan ƙusoshin inji ba su dace da na akwatin ba, sai an yanko farantin ƙarfe an sa tsakani. Idan kuwa saitin ya kauce ko da kaɗan ne, famfon mai da ke bakin akwatin shi zai fara ci. Ta biyu ta hali ce. Injin dizal yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, kuma ba ya kai saurin na fetur, ga shi an shirya akwatin ya jira saurin da dizal ba zai kai ba. Ta uku ita ce ta labari. Injin dizal ba shi da irin zuƙar iskar da na fetur ke da ita, saboda haka akwatin da ke saurare ta tiyo zai ɗauka kullum direba ya take totur har ƙasa, ya riƙa jinkirin canji yana fizga. Wanda ke saurare ta sanda kuwa, idan ba a daidaita sandar da sabon totur ba, mai ba zai matse faya-fayai sosai ba, su yi ta zamewa suna ƙonewa. Ƙarshen duka zafi ne. Man da ya kamata ya kasance ja garau sai ya koma ruwan ƙasa, yana warin ƙuna, daga nan sai mota ta yi ta ihu ba ta tafiya.

Mai irin wannan mota hanya uku ce a gabansa. Ko ya sa a buɗe akwatin a sabunta cikinsa, ko ya nemo wani irinsa, ko kuma ya rabu da shi ya sa wanda aka ƙera domin sabon injin. Hanya ta farko tana bukatar faya-fayai da robobi da man da ya dace, waɗanda takunkumi ya sa suka yi wuya. Ta biyu ba ta da amfani, domin abin da ya kashe na farko yana nan yana jiran na biyu. Saboda haka galibin masu haya a Kyuba suka bi ta uku: suka ɗauko inji tare da giyabos ɗinsa na hannu, suka huda ƙasan mota suka fito da sandar giya, suka ƙara fedar kuloci, suka yanke farfela ko suka ƙara mata tsawo. Da yawa ma har ƙafar baya da birki suka canza. Giyar hannu ba ta cin mai kamar tsohon otomatik, makaniki na iya gyara ta da kayan da ke hannunsa, in batir ya mutu kuma matasa uku ko huɗu sun isa su tura mota ta tashi.

A Amurka kuwa, inda masu sha'awa ke canza inji don neman gudu, an bi wata hanya dabam, domin kaya na samuwa. Akwatunan Turbo-Hydramatic 400 na 1964 da 350 na 1969 sun yi suna wajen juriya, har ana sayar da farantan haɗa su da injuna iri-iri. Amma ƙa'idar ba ta sake ba. Akwatin 700R4 da ya fito a 1982 ya shahara da saurin ƙonewa idan aka yi kuskuren saita wayar totur ɗinsa. Daga 1993, da magajinsa 4L60E ya fito, sai kwamfuta ta karɓi aikin gwamna da waya. Yanzu wanda ya ɗora inji bai taho da kwamfutarsa da wayoyinta ba, ko bai sayo wata ta musamman ba, akwatin zai maƙale a giya ɗaya.

Abubuwa sun ɗan sassauta a Kyuba. A 2011 gwamnatin Raúl Castro ta halatta wa jama'a cinikin motoci a tsakaninsu ko da ba na kafin 1959 ba ne, dangi mazauna Florida kuma sukan shigo da kayan gyara cikin jakunkunansu. Masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido cikin motoci marasa rufi suna alfahari idan tasu na da inji da giyabos na asali, domin kuɗinta ya fi. Amma motar da ke kai ma'aikaci wurin aiki da safe, dizal ce da giyar hannu.

Abin da shekaru sittin suka koya wa makanikan Havana bai tsaya a tsibirinsu ba. Duk inda ake sayen injin da aka yi amfani da shi a ɗora wa tsohuwar mota, a Kumasi ne ko a Kano ko a Omdurman, tambayar ɗaya ce. Kafin mai mota ya biya kuɗin buɗe akwati, ya kamata ya san abin da ya kashe shi. A duba launin mai da warinsa, a duba ko labarin inji yana isa ga akwatin daidai, a duba ko akwai isasshen abin sanyaya mai, a kuma auna ƙarfin sabon injin da abin da akwatin zai iya ɗauka. Idan tsufa ne kurum, gyara ya wadatar. Idan kuwa tun farko haɗin ne bai dace ba, to ko sau nawa aka sabunta cikinsa zai sake ƙonewa, kuma kuɗin gyara biyu ya isa sayen giyabos ɗin da aka ƙera tare da injin.